Faɗuwar Rana a Madubin Maimunatu

Jika mai hoto bai taɓa yin ƙaramin aiki ba, in dai daga bakinsa za a ji labarin. Hoton fasfo yake ɗauka a bakin titi a unguwar Kwararafa, ƙarƙashin lema, da jan ƙyalle rataye a bango, amma in ka zauna kusa da shi zai gaya maka babu wani babban mutum da ya ratsa Jos bai tsaya gaban kyamararsa ba. Shaidar duk tana cikin shagonsa na kasuwar Taminus, shagon kuwa ya tafi a gobarar kasuwa ta 2002. Gaskiya ne ya yi shago a can, na san shi, na kuma san faɗinsa: in mutum biyu suka shiga, dole ɗaya ya bar ƙafarsa a waje. Amma tun da ya ƙone yake ta girma, har ya kai ana hawa bene a cikinsa.

Katangarmu ɗaya da Jika. Da yamma kuma a bencin Kazeem tela nake zama, daura da masallacin unguwa. Ni ba na cikin jama'ar masallacin, amma bencin Kazeem bai taɓa tambayar addinin mai zama ba. Abin da ban gani da idona ba a labarin nan, na tambayi waɗanda suka gani, kowa shi kaɗai, na ɗauki inda bakinsu ya zo ɗaya.

Azumin 2008 ya faɗo a watan Satumba, ruwa bai ɗauke ba tukuna. Kowace shekara kwamitin masallaci yakan buga kalanda mai lokutan salla, a raba wa shaguna da gidaje, kuma Kehinde mai ɗab'i yakan manna hoton wani dutsen ƙasar Turawa a samanta, fari fat da ƙanƙara. A wannan shekara liman, Malam Badruddeen, ya ce shi abin ya ishe shi. Allah bai yi duwatsu a Jos ba ne, da za a riƙa aro daga inda ba a san ko ana kiran salla ba?

Bai rufe baki ba Jika ya miƙe, takalminsa ɗaya a hannu.

"Allah gafarta Malam, ai wannan aikin nawa ne tun kafin a haife ni. Ka taɓa ganin faɗuwar rana daga duwatsun Shere bayan an yi hadari an ɗauke? Sama takan yi ja kamar garwashi, duwatsun su yi ta sheƙi kamar an shafe su da mai. Wanda ya ga wannan bai yi kabbara ba, a kai shi asibiti."

A duk maganar da ya yi ran nan, wannan kaɗai ce babu ƙari a cikinta. Na ga abin da yake faɗa, da daɗewa, lokacin ina da gwiwar hawa.

Liman ya ce, "To madalla. Amma da sharaɗi, Jika. A bangon masallaci za a rataya. Ba mutum, ba dabba."

"Ko ƙuda ba zai shiga ba. Kuma ni ba ɗaukar hoto zan je yi ba, ibada zan je yi. Da alwala zan hau, da azumi a bakina. Jama'a ku shaida, na yi alkawari ba zan danna kyamarar nan ba sai ina fuskantar alƙibla. Abu ɗaya nake so, a rubuta sunana a ƙasa. Hoto daga Jika."

Abin da yake so ke nan da gaske. Samari masu kyamarar dijital sun cinye masa bukukuwa da sunaye, sun bar shi da fasfon masu neman aiki. In sunansa ya hau bangon kowane shago a Kwararafa shekara guda cur, ya dawo.

Jama'a suka ce masha Allah. Kazeem ya tsinke zare da haƙori, ya ɗago kai daga keke.

"Oga Jika, in tambaye ka mana. Ina alƙibla?"

Jika ya nuna gabas da ƙarfinsa.

"Yauwa. Ina rana take faɗuwa?"

Hannun ya tashi, ya tsaya a sama, sannan a hankali ya zagaya ya koma bayan maigidansa.

"To da ƙeya za ka ɗauka?"

Aka yi dariyar da masu azumi suke iya yi, marar ƙarfi amma doguwa. Da wani ne, da ya ce na yi kuskure, an wuce wurin. Jika ya sa takalminsa, ya gyara hula.

"Tela, kai dai wando ka sani. Wannan sirrin sana'a ne."

"To zan bi ka in ga sirrin. Kwamiti, ku sa ni shaida."

Nan take aka sa shi.

Kwanaki Jika ya yi ba ya fira, yana zaune ƙarƙashin lema yana kallon gabas, ya juya ya kalli yamma, ya yi tsaki. Wata safiya sai na ji ana jan abu mai nauyi a gidansu, sai kuma muryar matarsa Maimunatu ta tsallako katanga.

"Baban Ummusalma, ina za ka da madubina?"

"Aikin Allah zai je."

"Aikin Allah bai ga madubin mai aski ba?"

"Na mai aski ya ga fuskoki iri-iri, har da na mashaya. Naki mai tsarki ne. Saurara ki ji ilimi. Ni in fuskanci gabas, madubi ya fuskanci yamma, rana ta faɗo a cikinsa, in ɗauke ta. Ban karya alkawari ba, ban rasa hoto ba. Ko a Legas ba a taɓa yi ba."

"Ai akwai dalilin da ya sa ba a taɓa yi ba. Madubin nan da shi aka kawo ni gidan nan. Ya ga haihuwa, ya ga ƙaura, ya ga gudun da muka yi lokacin rikici, ko tsagewa bai yi ba."

"Zai shiga tarihi."

"Ya shiga, amma ya fito yadda ya shiga."

Madubin ya kai tsayin mutum, da katako mai zane kewaye da shi. Jika ya nemo Dantong, wani direban a-kori-kura mai kawo kabeji da dankali daga ƙauye, wanda ya san hanyar Shere tun yana kiwon awaki. Aka shirya cewa da zarar hadari ya haɗo da yamma, a ɗora madubi a tafi.

Hadarin Jos kuwa ba ya karɓar umarni. Ranar farko sama ta yi baƙi, Jika ya yi ta ihu a ɗora, a ɗora, aka ɗora. Suna kaiwa Tina Junction gari ya washe tas. Motar ta maƙale a cunkoso, madubi tsaye a baya, Kazeem na rungume da shi. Mata masu tumatir suka taso suna gyara ɗaurin ɗankwali. Wani ɗan acaɓa ya tsaya ya duba haƙoransa, ya ce a karkato masa kaɗan. Hasken ya kashe wa wani direban tasi ido, ya leƙo ya zazzaga wa Jika abin da ba a faɗa da azumi. Kafin su juyo gida, labari ya riga su: an ga kayan ɗakin Maimunatu a mota. Washegari yayanta ya iso daga Bukur da sanda, yana tambayar laifin da ta yi.

Fita ta biyu aka yi ruwa, amma a Kwararafa kaɗai, kan shanyar Maimunatu. Shere ko ɗigo.

Unguwa ta samu abin rage yunwa. In gajimare ya gifta, sai mai shayi ya ɗaga murya, "Oga Jika, ga kwastomanka can zai wuce!" Mai nama ya ce a aiko masa madubin ya ga ko ya rame. Jika ya ce su ci gaba, haka aka yi wa duk manyan mutane.

Ran nan, a goman tsakiyar azumi, hadari na gaske ya taso daga gabas bayan la'asar, baƙi ƙirin, yana gurnani. Maimunatu ta zuba kunun gyaɗa a fulas, ta ƙulle ƙosai mai zafi a leda, ta miƙa wa Kazeem ba mijinta ba.

"Na buɗa-baki ne. Ka kular mini da madubi, Kazeem. Shi wancan ko ya dawo ko kar ya dawo."

Suka wuce Tina Junction, suka bi ta Lamingo, motar ta tsaya inda hanya ta ƙare. Dantong ya dubi sama.

"Oga, wannan ruwa da ƙanƙara zai zo. Mu jira a mota."

"Dantong, ka taɓa jin an yi ibada a cikin a-kori-kura? Ku ɗauko."

Jika ya rataya kyamara, ya saɓa ƙarfenta mai ƙafa uku, ya yi gaba yana wasu addu'o'i da ƙarfi. Su biyu suka bi shi da madubi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar faifai a iska ya san abin da ya biyo baya. Iska ta kama madubin ta juya su hagu, ta juya su dama, ta zaunar da Kazeem cikin ƙaya. Jika yana sama yana ba da umarni.

"Ku ɗaga kai! Ku daidaita kafaɗa! Kar ku motsa!"

"Ba fasfo muka zo ba!" in ji Kazeem. "Sauko ka kama!"

"Hannun mai hoto ba ya ɗaukar kaya. Rawa zai yi."

Suna isa kan wani faffaɗan dutse sama ta ɓalle. Ruwa, tsawa, sai ƙanƙara kamar ana jifan su da gurjiya. Babu wurin fakewa, sai suka kifa madubin a kansu, su uku a tsugune. Jika ya shige tsakiya. Ana cikin haka suka ji ƙas, tsaga ta ratsa madubin daga kusurwa zuwa kusurwa.

"Innalillahi," in ji Kazeem. "Ni ta ba wa amana."

"Ba komai. Za a ce walƙiya ce. Ƙarin kyau ne."

Ruwa ya tsagaita, amma gari ya yi duhu. Gajimare ya rufe yamma ruf, babu alamar inda rana take. Agogon Kazeem ya sha ruwa ya tsaya, wayar Dantong tana mota, kiran sallar gari kuwa ba ya isowa nan. Sanyin Shere ya shiga ƙashinsu. Jika ya kafa kyamara tana kallon gabas, ya tsaya yana karkarwa, haƙoransa na haɗuwa. Can sai hancinsa ya juya wajen ledar nan. Ƙosan Maimunatu ko ya huce ba ya ɓoye kansa.

Ya dubi sama, ya yi gyaran murya.

"Ta faɗi."

"Wa?"

"Rana. Ta faɗi a bayan gajimare. Yau ba mu samu ba. A sha ruwa."

Kazeem ya ce, "Oga Jika, anya? Ni ina ganin da saura."

"Tela, ni da haske muke aiki tun kana koyon sa zare a allura. In na dubi sama, na san lokaci fiye da agogo. Wannan duhun magariba ne, har ya ɗan gota. Jinkirta buɗa-baki kuma ba kyau. Kana so ka saɓa wa sunna a kan dutse?"

Dantong, wanda ba azumi yake ba, ya ce, "Oga, awaki ba su koma gida ba. Ga su can."

"Awakin arna... awakin ƙauye ba su san lokaci ba."

"Ka dai gyara bakinka," in ji Dantong, "ni zan mayar da kai."

Kazeem ya yi ta-maza na ɗan lokaci, amma cikinsa ya goyi bayan Jika. Aka buɗe fulas. Jika ya yi addu'ar buɗa-baki mai tsawo, ya cika kofi da kunu, ya jefa ƙosai ɗaya, ya jefa na biyu. Yana cusa na uku sai dutsen da suke kai ya yi ja.

Gajimaren yamma ya ɗage daga ƙasa kamar an yaye labule. Ga rana nan, ƙatuwa, jajawur, zagayayya, ko gefenta bai taɓa ƙasa ba. Garin Jos duk ya bayyana a ƙarƙashinta, rufin kwano na walƙiya, ruwa na gangara a jikin duwatsu kamar narkakken zinariya. Dantong ya cire hularsa. Kazeem ya dubi rana, ya dubi guntun ƙosan da ke hannunsa.

Jika bai tsaya duban komai ba. Da cikakken baki ya yi ta nuni, yana gurnani. Suka tayar da madubin, suka tsaya a bayansa. Ya leƙa ramin kyamara, hasken da madubi ya maido ya soke masa ido, ya yi baya yana hawaye. Iska na kaɗa madubin, rana na sauka. Sai ya tsaya a gefen kyamarar, ya rufe ido, ya laluba da hannu ɗaya ya danna. Filasha ta haska, don Jika tun da yake bai taɓa ɗaukar hoto babu filasha ba, ko da tsakar rana.

Bai samu na biyu ba. Fim ɗin na fasfon kwastomomi ne, gurbi ɗaya ya rage. Ko da akwai saura ma, iska ta raba gardama: ta fizge madubin daga hannunsu, ya yi tsalle ɗaya a kan dutse, ya gangara. Sun daɗe suna jin sa yana sauka.

A mota Jika ya kafa doka.

"Abin da ya faru a Shere, ya zauna a Shere. Kazeem, kai ma ka ci."

"Kai ka ce ta faɗi!"

"Ni na tauna maka? Kai ne shaidar kwamiti. Ka je ka gaya musu shaida ya sha kunu da rana tsaka."

Dantong ya ce shi ba ruwansa, tuƙi ya zo yi.

Katakon madubin kaɗai, wanda suka tsinto a gindin dutse, ya dawo gida. Jika ya jingina shi a tsakar gida, ya ce, "Maman Ummusalma, ki yi haƙuri, ki kuma yi murna. Madubinki ya yi shahada." Abin da ta amsa, na ji shi sarai ta katanga, amma ba zan rubuta ba.

Washegari unguwa ta sha labari. Tsawa ta faɗi taku kaɗan daga inda yake, bai motsa ba. Ƙanƙara kamar ƙwan kaza. Yunwa ta kwantar da abokan tafiya, shi yana tsaye yana tasbihi, ga abinci a gabansa bai ko kalle shi ba, har sai da ya ga rana ta nutse da idonsa. Kullum ƙanƙarar na ƙara girma. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne Kazeem. Mutumin da ba ya barin magana ta wuce shi sai ga shi ya duƙufa kan keke, in an tambaye shi ya ce, "An dai je, an dawo."

Jika ya kai fim wurin Okwudili mai wankin hoto a Taminus. Ya ce na ƙarshen a yi masa babba, mafi girman da injin zai iya, a sa a firam, a naɗe da takarda.

Okwudili ya ce, "Oga Jika, ba za ka duba ƙarami tukuna ba?"

"Ɗan koyo ke dubawa. Ni na san abin da na ɗauka. Kuma aikin ibada ne, ido na farko da zai gan shi na liman ne."

Ya sa aka yi shela: ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙofar masallaci. Aka fito da benci. Kwamiti suka zauna a gaba, Kehinde mai ɗab'i na gefe, mata suka tsaya daga bakin zaure, Maimunatu a cikinsu ta harɗe hannu. Jika ya sa babbar riga. Okwudili da kansa ya kawo hoton a kan babur, yana murmushi.

"Ya fito sosai, Oga. Kowane abu ya fito."

Jika ya yi jawabi a kan ikon Allah da ƙanƙantar ɗan Adam, ya roƙi jama'a in sun gani kar su yabe shi, su yabi Mai halitta. Sannan ya miƙa wa liman. Malam Badruddeen ya yi bismilla, ya yage takardar, ya ɗaga.

Okwudili bai yi ƙarya ba, kowane abu ya fito. Ga madubi da tsagarsa. A cikinsa ga rana, jajawur, zagayayya, tsaye a sama da tazara mai kyau tsakaninta da ƙasa. A gabanta, ya cika rabin hoton, ga Jika: rigarsa ta manne a jiki, idanu a rufe, kumatu a kumbure, rabin ƙosai ya leƙo daga bakinsa, kofin kunu a hannu har da tururi. Filasha ta yi aikinta, ko maiƙon leɓensa ana gani.

Jama'a suka zuba wa hoton ido. Wani tsoho a sahun gaba ya gyara tabarau ya ce, "Wannan ranar... ta faɗi kuwa?"

"Ba ni ba ne," in ji Jika. "Duwatsun nan an san su da mutanen ɓoye. Suna ɗaukar kamar mutum."

"Aljani da hularka?"

"Har hula suna ɗauka."

Mai shayi ya matso ya leƙa. "Subhanallahi, kuma da hannun hagu yake sha!"

"Ƙarya ne! Da dama na riƙe! Madubi ne ya juya shi!"

Ya ji abin da ya faɗa daidai lokacin da kowa ya ji. Dariya ta tashi daga bencin kwamiti ta bi layi har bakin zaure. Daga can muryar Maimunatu ta ratso.

"Allah gafarta Malam, ba sai an wahala ba. Suyata ce, na gane ta. Aljani bai ci ƙosaina ba."

Jika ya juya neman abokin nutsewa. "To ba ni kaɗai ba! Ku dubi bakin madubin! Yatsun wa ke nan?"

Aka duba. A gefen katakon ga yatsu huɗu, da guntun ƙosai maƙale a tsakaninsu.

Kazeem ya miƙe, kamar wanda aka sauke wa kaya. "Nawa ne, Malam. Na ci, na kuma yi shiru, Allah ya yafe mini. Amma tun da an buɗe, a buɗe duka. Tsawar da ya ce ta faɗi kusa da shi, yana ƙarƙashin madubi ya riƙe ƙafata yana kiran sunan babarsa."

"Addu'a nake yi mata!"

Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru. Bai yi dariya ba, ko da yake gemunsa na motsi.

"Jika, wanda hadari ya ruɗe shi ya sha ruwa, ramuwar yini ɗaya ce, ba wani abu. Da ka zo ka faɗa a kunnena, da mun gama. Kwana nawa kana ba mu labarin tasbihi?" Ya sake duban hoton, ya kai yatsa can sama, a kusurwa, inda madubin bai rufe ba. "Wannan kuma mene ne?"

Wani ɗan yanki ne, bai fi faɗin tafin hannu ba, ja da rawaya da kore a kan baƙin gajimare.

Dantong, wanda ya tsaya daga nesa jikin motarsa, ya ce, "Bakan gizo ne, Malam. Da na waiwaya na gan shi. Tun daga wannan dutse har wancan, guda biyu ma, ɗaya kan ɗaya. Tun da aka haife ni ban ga irinsa ba."

"Ta wane gefe?"

"Gabas."

Liman ya sauke hoton a hankali. "Wato yana gabanka, Jika. Daidai alƙibla. Ba mutum, ba dabba."

"Madubi ya tare, Allah gafarta Malam."

"Na gani."

Ya tambayi Kehinde ko za a iya yanko kusurwar nan a faɗaɗa ta. Kehinde ya duba, ya karkata kai, ya ce in an faɗaɗa ba abin da zai fito sai dusa-dusa, kuma kan hular Oga Jika zai shigo. Aka miƙa wa Jika hotonsa. Ya rungume shi, fuskar tana kallon cikinsa, ya ratsa jama'a. Yara da manya suka buɗe masa hanya, mai shayi na tambaya ko za a samu ƙananan kwafi.

Bayan salla suka rama azuminsu rana ɗaya, shi da Kazeem. Maimunatu ta zaɓi ranar ta yi waina da miyar taushe, ta aika wa maƙwabta duka, har da ni.

Kalandar ta fito a ƙarshen shekara babu hoto ko ɗaya. Inda aka saba sa dutse, kwamiti ya sa aka buga lokutan magariba da jan tawada, manya-manya, yadda ko daga tsallaken titi za a karanta. Na sami Jika ƙarƙashin lemarsa yana kallon wadda ke rataye a shagon Kazeem. Na zaci zai kau da kai. Sai ya kama hannuna.

"Baba Tica, ka ga jan rubutun can? Shekara nawa ana buga kalandar nan, wa ya taɓa sa aka canza ta?" Ya buga ƙirji. "Ba su sa sunana ba, hassada ce. Amma ka tambayi kowa a Kwararafa aikin wane ne."

Na tambaya, don ba na son rubuta abin da ban tabbatar ba. Kowa ya ce nasa ne.